Sabuwar Motar Kawu

Shekarun baya, lokacin ina ganin babu direba kamata daga Gummi har Anka, kawuna nake yi wa tuƙi. Ƙanin mahaifiyata ne, fataucin wake da gero yake yi, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Motarmu wata tsohuwar akori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu. Ba ta san laka ba, ba ta san yashi ba, amma kuma ba ta san tausayi ba. In ta faɗa rami, sai ka ji shi har cikin haƙoranka. Ƙararta kuwa, tun kafin mu shiga ƙauye an san Alhaji ya iso.

Ciwon baya ya sa Kawu a gaba, har sallah sai a zaune. Kullum muka dawo kasuwa sai ya daɗe riƙe da ƙofa kafin ya miƙe. Wata rana ya ce min, "Motag ga za ta ida ni. Nemo muna wadda ka shiga daji ba ta karya mutum ba."

Ni dama abin da nake jira ke nan. Muka samo jif ta zamani, mai baƙin gilashi da esi, kujerarta tana kwantawa kamar gado. Ga maɓallin laka, ga na yashi. Ranar da ta iso ban iya cin abincin kirki ba, sai zagaya ta nake ina goge inda babu datti. Inna mahaifiyata ta leƙo ta ce, "To, ko aure za a ɗaura muku?"

Fitarmu ta farko cikin damina ce, da hantsi, za mu wani ƙauye bayan Bukkuyum. Kawu ya kwantar da kujera ya miƙe ƙafa, ya ce rabonsa da jin daɗin hanya har ya manta. Muka sauka daga kwalta a mararraba, inda wani tsohon abokinsa ke sayar da goro. Na ga tsohon ya miƙe yana kallonmu, sannan ya koma ya zauna. Na ɗauka motar ce ta burge shi. Har hon na danna masa, don iyayi.

Ba mu yi nisa ba muka sha kwana, sai ga su a tsakiyar hanya. Babura a kwance, mutane da bindigogi. Ban yi shawara da kowa ba, na karya kan mota na faɗa gonar dawa. Na ji wani abu yana bugun jikin motar, ƙas-ƙas, can ƙasa-ƙasa, don a cikinta komai shiru ne. Gonar ta sha ruwa, amma motar nan ta yi duk abin da aka ce tana yi. Ta haye kunyoyi, ta keta laka, ta tsallake wani kwazazzabo da ko tsohuwar motarmu sai ta yi tunani.

Da na ga kwalta, bakina ya buɗe. Tsoro ne ya koma surutu. "Kawu, ka ga mota! Ka ga aikin kuɗi! Wallahi ko girgiza ba ta yi ba!" Haka na yi ta zuba har muka kusa shiga gari. Yana kwance yadda yake tun safe, fuskarsa wajen taga. Na zaci addu'a yake yi. Sai da na kai hannu zan taɓa shi na ji kujerar a jiƙe. Harsashi ya shigo ta ƙofarsa. Muna isa asibiti suka duba shi, suka ja mayafi.

Ranar uku tsohon mai goro ya zo gaisuwa, ya kasa shiga zaure, ya tsuguna a bakin ƙofa yana kuka. Ashe tun safe ya san suna hanyar, duk motar da ya sani sai ya mai da ita. A wurinmu ba kowa ake gaya wa hanya ba kyau ba, sai wanda aka sani, don in ka gaya wa wanda bai kamata ba, kai za a biyo gida. Ya ce, "Na ga baƙin gilashi, nic ce ko manya na, ko nasu na. Wallahi ban san Alhaji na ciki ba."

Ban riƙe shi ba, ban kuma riƙe motar ba. Sauƙin bayansa Kawu ke nema, kuma ta ba shi. Kwana ne ya ƙare. Har yanzu ina tuƙi, kuma mafi yawan abin ya lafa a zuciyata.

Abu ɗaya ne bai lafa ba. Bayan an watse, Inna ta kira ni ɗaki, ta riƙe hannuna ta ce, "Kai kaɗai ag gare shi. Ka dai laƙƙana mishi kalmar shahada ko?" Na sunkuyar da kai. Ta dube ni, ta sake hannuna a hankali, ba ta ƙara tambayata ba har ta bar duniya.