Malam Hashimu da Zanen Likitan Sin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris 2025, muna cikin azumi, Allah ya karɓi ran aminina Malam Hashimu Direba a gidansa na Tanout, bayan gajeriyar jinya. Da la'asar muka kai shi makwancinsa. Na dawo na tarar da tabarmarmu a ƙofar gida, na rasa gefen da zan zauna.

Hashimu, shekara hamsin muna tare, ni ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kai kana tuƙi. Nakan tsokane ka cewa tsayuwar motarka ta fi tafiyarta yawa, don ba ka iya wuce mai tafiya a ƙasa. Mata nawa ka ɗauko daga Tenhya suna naƙuda, ka kai su asibiti, ka tsaya har ka ji kukan jariri? Kai kanka ba ka san adadinsu ba.

Amma duk wanda ya shiga ɗakinka, zanen nan yake fara gani. Takarda ce siririya, an zana dutse cikin hazo da baƙar tawada, a ƙasansa ɗan jirgin ruwa da mutum ɗaya a ciki. Wani likita ɗan ƙasar Sin da ka yi wa tuƙi shekara biyu a Damagaram ya ba ka shi ranar da zai koma gida. Shi ne ya ceto 'yarka Zuhaira daga sanƙarau, bayan ikon Allah. Ba ka jin yarensa, shi ma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, amma kuka shaƙu. Ya tafi, ba ka ƙara jin ɗuriyarsa ba.

A gefen zanen akwai wurin da ya jiƙe ya dushe. A nan rubutu yake da jan hatimi, wato sunan mai zanen. Kakan ce wa mutane yoyon ɗaki ne ya ɓata shi. Ba wani ɗan Sin da zai ratsa Damargu ka bar shi bai gani ba. Wani mai haƙar rijiya a Tarka ya ce salon tsofaffin gwanaye ne, sai dai ɗalibai kan kwaikwaye su ba iyaka. Wani ya ce ana sayar da irinsa a kasuwa. Wani kuma ya ce likitocinsu da yawa sun iya riƙe buroshi. Dukansu dai sun tsaya a magana ɗaya: tunda sunan ya goge, ba mai iya rantsuwa.

Na taɓa ce maka ka haƙura, tsoho ne ko sabo, me zai ƙara maka? Ka kira ni yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, ka ce, "Mushe Almustafa, ni ba tsufanshi nake tambaya ba. So nake in san ko da hannunshi ya yi mini."

Sai bayan rasuwar matarka Rabi ka faɗa mini gaskiya, ka ce in riƙe ta muddin kana raye. Shekara ɗaya da tafiyar likita, kana Belbeji, zazzaɓi ya sake kayar da Zuhaira. Rabi ta rasa inda za ta sa kanta. Ta dubi rubutun da ke jikin zanen mutumin da ya warkar da 'yarta, ta jiƙa shi kamar yadda ake wanke allo, ta tsiyaye ruwan a ludayi, ta ɗura wa yarinyar. Da ka dawo ta faɗa maka tana kuka. Ko kallon banza ba ka yi mata ba, ka ɗora wa rufin ɗaki laifin har ta bar duniya.

Bayan sadakar bakwai Zuhaira ta kawo mini zanen, ta ce wasiyyarka ce. Yana rataye a ɗakina. Ina kallon mutumin nan shi kaɗai cikin jirgi, kewarka tana damuna ƙwarai, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Allah ya jiƙanka, Hashimu, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da Rabi a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanenka Sahabi da jikoki da sauran dangi, Allah ya ba mu haƙuri. Ke kuma Zuhaira, ki yafe mini da kika ji wannan a takarda. Sunan da mahaifinki ya yi shekara arba'in yana nema, ke kika sha shi, kuma bai taɓa cewa ya yi asara ba. Allah ya raya ki, ki daɗe kina yi masa addu'a.