Fayil ɗin da na buɗe wa Baba a kan finbol

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, na yi wani shisshigi da har yau idan na tuna sai na ji nauyin kaina. Abin da ya tuno min shi ne musun da na tarar wasunku suna yi a zauren nan jiya, wai tsakanin wasan finbol mai zurfin ƙa'idoji da mai sauƙi, wanne 'yan wasa suka fi so. Har na fara rubuta amsa sai na goge, don an taɓa koya min hankali a kan wannan maganar.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a ma'aikatar gwamnatin tarayya yana juya fayil, ya yi ritaya ya koma gidan da ya gina a Gwagwalada. Da ciwon ya zo, ƙafa ta dawo da wuri, baki ma ya daidaita, amma yatsun hannun dama suka ƙi. Mutumin da biro ba ya rabuwa da aljihunsa ya koma ko cokali sai an riƙe masa. Duk Asabar ina kan hanya daga Jabi, duk Litinin muna layin asibiti. Na gaji, Mama ta gaji, shi kuwa ya fi mu gajiya. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa kullum sai dai a tsinto ta a ƙarƙashin kujera.

Mai yi masa gashin ƙashi wata 'yar Filato ce, ba ta ɓoye magana. Ta ja ni gefe ta ce, "Oga, Baba ba ya son atisaye, ni na gani. Ku nema masa wani abu da zai sa yatsa ya motsa, shi bai san aiki ne ba. In hannun nan ya zauna haka, zai sandare, ba wanda zai buɗe shi."

A tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka akwai finbol. Ga wanda bai san shi ba, wata 'yar ƙwallon ƙarfe ce ke gangarowa a kan tebur mai fitilu, kai kuma kana da 'yan sanduna biyu a ƙasa da kake make ta da su don kada ta faɗa rami. Madanni ɗaya na hannun hagu, ɗaya na dama. In ka ƙi motsa yatsan dama, ƙwallo ta wuce.

Da na ajiye masa sai ya ce, "Ni da furfurata?" Na ce ai don jikoki na kawo, ya dai duba min ko tana aiki. Bayan kwana huɗu Mama ta kira ni ina ofis, ta ce in saurara. Sai na jiyo muryarsa daga falo yana cewa, "Kai! Ta zille, 'yar banza!" yana dariya. Tun da ya kwanta ban ji wannan dariyar ba. Cikin wata guda yatsu biyu suka fara buɗewa.

Da na tsaya a nan, da babu labari. To amma ni ma'aikacin sashen tsare-tsare ne, kuma mutum ne da ko fanka na saya sai na karanta takardar cikin kwali daga farko har ƙarshe. Na zauna na bincika, sai na gano ashe wasan nan ba buge-buge ba ne kawai. Akwai muƙamai da ake hawa. Akwai fitilu uku da za ka kunna a jere kafin wata hanya ta buɗe, akwai inda maki ke ninkuwa, akwai lokacin da dabara ita ce ka tare ƙwallon ka riƙe ta, ba ka buga ba. Abin ya burge ni ƙwarai. Na duba makin Baba na ga duk ihun nan da yake yi bai taɓa wuce muƙamin farko ba, sai tausayinsa ya kama ni. Ku ji fa, tausayi.

Na buga shafi biyu a ofis, da kanun magana, da sakin layi na ɗaya da na biyu har na goma sha huɗu. Na sa a bangon fayil, har da igiyarsa. Ranar Asabar na kai masa ina jin kaina kamar wanda ya kawo maganin ciwon gaba ɗaya.

Ya karanta. Ya kunna wasa, na ja kujera na zauna a kafaɗarsa.

"Baba, ba can ba, fitilar hagu tukuna."

Ya buga, ta tafi dama.

"Tare ta, kada ka buga. Riƙe. Baba, riƙe! Sakin layi na shida fa."

Yatsan da ke iya dannawa ya saki bai kai ga iya riƙewa ba. Ƙwallo ta faɗa rami. Ya sake gwadawa, ta sake faɗawa. A karo na uku ya dubi hannun nasa ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe kwamfutar da hagu ya ce, "To, oga. An gode."

Ni a zatona gajiya ya yi. Sati uku ina zuwa ina tarar da kwamfutar a rufe, an ɗora mata faifai. A asibiti matar nan ta murza yatsunsa, ta ɗago ta ce, "Me ya faru? Yatsa biyu da muka samu ya koma." Baba ya juya yana kallon taga. Ni kuma na fara kawo bayanin sanyin damina.

Da muka dawo gida Mama ta kira ni kicin. Ba ta ɗaga murya ba, tana yanka kuɓewa take magana. Ta ce, "Ba damina ba ce, kai ne. Da can ƙwallo yake bugawa yana dariya. Kafin ka kawo takardarka, bawan Allahn nan bai san faɗuwa yake yi ba."

Na fito daga kicin. Na wuce falo in ɗauke fayil ɗin tun kafin ya ƙara ɓarna. Ina buɗewa na ga jan biro a ƙasan shafi na biyu. Da Turancin ofis aka rubuta, irin abin da ake sa wa fayil ɗin da aka gama da shi: na gani, a ajiye. Ga sa hannu a ƙasa. Haruffan sun karkace, wasu sun hau kan wasu, biron ya huda takardar a wuri biyu. Mama ta ce daga hantsi har azahar ya yi yana fama da layin nan, ya kuma hana ta taimaka masa. Shi ne rubutunsa na farko tun da ya kwanta, kuma don ya kore ni ya yi shi.

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba ka yi laifi ba, aikinka ka yi. Amma ni na yi ritaya. Magani da ƙa'ida, gishiri da ƙa'ida, har kwanciya an faɗa min gefen da zan kwanta. Ƙwallon nan ce kaɗai ba ta tambaye ni komai ba."

Bayan 'yan kwanaki ya koma wasansa. Hannun ya samu sauƙi daidai gwargwado, yana cin abincinsa da kansa, yana jan carbi. Alhamdu lillahi.

Ni har gobe ina son wasa mai zurfi, ba zan yi muku ƙarya ba, haka Allah Ya yi ni. Sai dai na daina tambayar wanne ya fi. Yanzu abin da nake fara dubawa shi ne me mutum ya zo nema a gaban teburin. Wani ya zo ne ya wasa ƙwaƙwalwa, wani kuma wurin da ba za a gyara masa ba yake nema na minti goma.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Baba bai sake yin wasan a gabana ba. Da ya ji ƙarar motata a ƙofar gida sai ya rufe kwamfutar, in shigo in same shi zaune tsaf yana tambayata ya hanya. Na roƙe shi sau biyu, ya ce idonsa ne ya gaji. Daga baya sai na koma ajiye mota a bakin layi, in tako da ƙafa, in tsaya jikin katanga da ledar lemo a hannu ina jin sa yana faɗa da ƙwallo. Sai na ji ta faɗa rami ya yi dariyarsa ya gama, sannan in yi sallama.