Sau Biyu Na Kira Sunansa

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Da hantsi na dama wa maigidana fura, ya ce ta yi tsami, na ce bakinsa ne ya tsufa. Ya yi dariya, ya shanye tas, ya saɓa fartanya ya tafi gona. Shekara ashirin da biyu muna haka, ban taɓa kama sunansa ba. A ƙauyenmu, can bayan Nasarawa Burkullu, macen kirki ba ta faɗin sunan mijinta. Malam nake ce masa. Ko wani ne mai irin sunan, sai in ce mai sunan Malam.

Bayan azahar kaɗan muka ji rugugin babura ta gabas. Sai harbi, ɗaya, biyu, sannan ya ɓarke kamar ƙanƙara a kan kwano.

"Ku sheƙa! Ga su nan!"

Ina bakin rijiya da 'yata Hajara. Muka yar da guga, muka faɗa cikin geron bayan gari muka kwanta.

Daga nan na hango shi. Kowa na gudu yana barin gari, shi yana gudu yana shiga. Gidanmu ya nufa. Ni yake nema. Ya san war haka kullum ina tsakar gida ina daka. Ranar ce kawai ruwan randa ya ƙare.

Na miƙe tsaye. "Malam! Malam!"

Mata nawa ke ihun Malam a filin nan, kowace da nata. Bai waiwayo ba. Tsakaninmu bai fi jifa biyu ba. Wallahi sunan yana bakina, harshena ya ƙi ɗagawa. Numfashi uku, ko huɗu. Ya kai ƙofar zaure. Bindiga ta tashi sau biyu.

"Lawali!"

Sai a lokacin sunan ya fito. Shi kuwa yana ƙasa.

Hajara ta toshe mini baki, ta fizgo ni. Muka yi ta jan ciki a cikin gero har la'asar, hayaƙin rumbunanmu yana bin mu. Muka ƙetare rafi, ruwa iya ƙirji. Kwana biyu muka yi a ƙafa. Ban ga gawarsa ba. Mazan da suka koma ne suka rufe shi. Ina son mutumin nan, kuma har gobe ina jin haushin harshena. Da-na-sani ƙeya ce.

A Anka aka sauke mu a wata makaranta. Wani ma'aikaci yana bi yana rubuta waɗanda aka rasa. Ya tsuguna gabana, na ce masa maigidana na rasa.

"Inna, mi as sunanai?"

Hajara ta buɗe baki za ta faɗa a madadina, kamar yadda ta saba. Na riƙe mata hannu. Na faɗa da kaina, a hankali, ya rubuta ya wuce.

Sau biyu ke nan na kira sunan mijina a duniya. Bai ji ko ɗaya ba.