Malam Rasaki, Mutumin da Ya Buɗe Mini Baki

Yau da safe, ko karyawa ban yi ba, aka bugo mini waya cewa Malam Rasaki ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun shekaranjiya ma aka binne shi. Sai yau nake ji.

Yawancin masu bibiyata a nan ba ku san shi ba. Nas ne, ya daɗe yana aiki a asibitin Malumfashi tun muna cikin Jihar Kaduna. Iyayensa Yarabawa ne masu sayar da atamfa a kasuwar Funtua, a can aka haife shi, a can ya yi makarantar allo. In yana Hausa, sai dai sunansa ya gaya maka asalinsa.

Farkon haɗuwarmu ina koyarwa a wata firamare a Kafur, a farko-farkon shekarun 1980. A shekarar ne ƙyanda ta ɗauke mini 'yata ta fari, Hadiza, tana da shekara biyu. Ban yi kuka ba. Kowa ya yi ta yabon haƙurina.

Bayan wata biyu sai muƙamuƙina na dama ya fara ciwo. Da farko in na tauna masara ne kawai. Daga baya hamma ma ta zama azaba. Aka kai matsayin da yatsa biyu ba sa shiga tsakanin haƙorana. Tuwo ya gagare ni, na koma kunu da faten kabewa, wandona ya fara zamewa daga ƙugu.

An yi mini ƙaho a bayan kunne. Na sha rubutu. Wani mai cire haƙori ranar kasuwar Bakori ya cire mini turmi guda, lafiyayye, ciwon bai ko motsa ba.

Ga aji na yara sama da yadda murya ɗaya za ta iya riƙewa, ni kuma ina magana ta cikin haƙora. Rannan hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malam Sani, in abin nan ya ci gaba, dole in rubuta a kawo wani." Ban ga laifinsa ba.

Haka na hau mota zuwa Malumfashi.

Likita ya duba bakina ya ce haƙora lafiya lau, ya miƙa ni ga Malam Rasaki. Shi kuwa bai ce in buɗe baki ba. Babban yatsansa ya ɗora a kumatuna yana bi a hankali, har ya danna wani wuri kusa da kunne. Wallahi sai da na miƙe tsaye daga kujera.

Ya ce, "Yawwa, ga shi nan. Tsoka ce ta ƙulle, ba haƙori ba ne."

Ya ciro sirinji na gilashi daga tukunyar da ake tafasa su a kan risho. Ya yi mini bayani cewa zai sa allurar kashe zafi a daidai ƙullin, sannan ya ɗan sossoka shi da bakin allurar har ya saki. Ya ce wani likita Ba'indiye da ya yi aiki a ƙarƙashinsa a Zariya ne ya koya masa. Na ji tsokar ta yi tsalle a ƙarƙashin fata sau biyu. Bayan 'yan mintuna ya ce in gwada.

Yatsa uku suka shiga.

Yana wanke hannu, bai ma juyo ba, ya ce, "Ticha, me kake cijewa haka? Wannan tsokar ba ta ƙullewa a banza."

Na buɗe baki zan ce babu komai, sai sunan Hadiza ya fito. A ɗan ɗakin nan mai warin magani na yi kukan da ban yi ba wata da watanni. Ya tura ƙofa, ya ce wa masu jira su ɗan yi haƙuri. Bai yi mini wa'azi ba. Zama kawai ya yi har na gama.

Sau huɗu na koma. Biyun ƙarshe babu magani a allurar, tsurarta kawai yake sokawa. Ya koya mini gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ya hana ni cin goro. Da ya ga na daina zuwa kafin ya sallame ni, ranar wata Asabar sai ga shi a kan babur har Kafur, ya yi tambaya an kawo shi ƙofar gidana. Mahaifiyata ta ba shi zabo biyu, ya karɓi ɗaya don kada ta ji ba daɗi.

Daga nan muka zama aminai. Shi ya fara zuwa barka da aka haifa mini Bilkisu. Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa bayan wannan, da bakin da ya buɗe.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Babbar Sallar bara ne, a gidansa na Funtua. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, ciwon suga ya cinye masa ido ɗaya, hannuwan nan suna rawa, ko kofin shayi sai da na riƙe masa. Ya ce babban ɗansa yana so ya ɗauke shi ya kai shi Ibadan.

Ya ce, "Ticha, ban taɓa yin wata guda a can ba. Iyayena suna maƙabartar garin nan, matata ma haka. Yaron yana jin maganarka. Ka kira shi ka ce ya bar ni."

Na ce in sha Allahu zan kira. Na karɓi lambar.

Ban kira ba. Na ce a raina maganar gida ce, me zai sa in shiga? Na ce wataƙila can ɗin ya fi masa kulawa. Sati ya wuce, wata ya wuce. Daga baya na ji an tafi da shi. Sau biyu ya sa jikarsa ta neme ni a waya, sau ɗaya ina gona, sau ɗaya na ga kiran na kasa ɗagawa don kunya.

Ban ce ɗansa ya yi laifi ba, alheri yake nufi. Kaina nake tuhuma. Abu guda mutumin nan ya taɓa roƙona.

A Ibadan aka binne shi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Rasaki, bawanka Abdurrazaƙ, ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa a inda yake, ka haɗa shi da iyayensa da matarsa a Aljanna. Ka ba 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya tsaya ga latsa like. Ya karanta masa Ƙulhuwallahu ko da ƙafa uku ne, ya ambaci sunansa.