Ƙullin da Ke Ƙarƙashin Mayafi

Tana tsaye gaban kwandunan shara uku da ke ƙofar gidan haya, kore da shuɗi da baƙi, ta ƙanƙame wani ƙulli a ƙarƙashin mayafi kamar wadda ta sato shi. Siririya ce, silifas ɗin sun yi mata yawa, ƙila na mijinta ne. Yadda take bin takardar dokar zubar da shara da ke bango da yatsa, ka san baƙuwa ce, irin masu kama ɗaki na wata guda don jinyar wani a asibiti.

Gwangwanaye ta wanke su tas, ta jefa a shuɗi. Ɓawon albasa ya tafi kore. Saura ƙullin nan. Ta ji an ce mai gadi yana kwance kowace leda ya duba, ga shi ranar da aka ba su makulli an ja musu kunne cewa ba a zama da yara. A cikin ƙullin kuwa famfas ɗin jaririyarta ne, na kwana uku. In aka kore su yau, ina za ta nufa da mara lafiya?

Sai ga mai gadin da tsintsiyarsa. Ta juya za ta koma da abinta.

"Baiwar Allah," in ji shi, bai ko ɗago kai ba, "na jarirai a baƙi ake sakawa. Kuma don Allah ki daina toshe mata baki in tana kuka. Ni ban ji komai ba."