Na Je Ɗauko Yayana A Cocin Kan Ruwa

Makka zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidanmu a unguwar Shisha. Ummata, wadda idonta ya rufe shekara shida ke nan, ta lalubo hannun rigata a bakin ƙofa ta ce, "Habibu, kada ka dawo min kai kaɗai."

Ɗanta na fari ta aike ni in ɗauko. Sama da shekara hamsin da suka wuce, suna hanyar hajji ta ƙasa, ƙyanda ta kama shi a Numan. Suka bar shi hannun wata ma'aikaciyar asibitin mishan, da nufin in an sauko Arfa su dawo. Ba su dawo ba. Bara muka samu labarinsa: sunansa Iliya, mai wa'azin Kirista ne, a jirgin ruwa yake aikinsa. Sun yi waya sau uku, Umma ta ce ita murya ba ta ishe ta ba, kansa take so ta shafa. Ga shi ta rantse ba za ta ƙetare iyakar Harami ba, kada ajali ya riske ta a waje.

A tashar Kudai na hau mota. Da muka zo shingen Shumaisi na hango allon da ke karkatar da wanda ba Musulmi ba zuwa wata hanya. Tasi nake ja, na bi wurin ya fi a ƙirga, wallahi ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba sai ranar.

Kano zuwa Numan

Awa biyar muka yi a sama. Na sauka wajen ɗan kawuna a Fagge, ya kai ni gun wani mai shirya tafiyar Umra. Da na faɗa masa yayana Kirista ne, mutumin ya ce, "Alhaji, wannan ai ba matsala ba ce. A rubuta Musulmi a takarda, ya ɗaura harami, wa zai tsaga ƙirjinsa?" Na ji daɗin maganar, har na sayi haramin a kasuwar Kwari.

Washegari ƙarfe shida muka tashi, la'asar muka shiga Gombe, bayana kamar an daka. Shinge tara na ƙirga. A na ƙarshe soja ya ji Hausata ya yi dariya. "Ɗan Makka ne! To ina tsaraba?" Na damƙa masa dabino. Na kwana a ɗakin tasha, na ci tuwon masara da miyar kuka. Da hantsi muka kama hanya, azahar muna Numan.

Kan Binuwai

Kwalekwale mai inji ya yi awa biyu da ni kafin mu cim ma su Iliya a wata tungar masunta. Ni da ko iyo ban iya ba, salati nake ta yi. Cocin wani dogon jirgin katako ne mai rufin kwano, benci shida a ciki, gicciye a goshinsa, akwatin magani a gindin teburin wa'azi. Tunga-tunga suke bi: ya yi musu wa'azi, matarsa Saratu ta duba masu zazzaɓi, su ɗaga zuwa gaba.

Mai wa'azin yana juyowa na gane shi. Fuskar Umma ce sak, har wushiryar.

"Yaya Iliya?"

"Kai ne Habibu." Ya rungume ni, yana warin hayaƙin kifi da fetur.

Ya shimfiɗa min tabarma a kan yashi, ya nuna min gabas da kansa, na yi sallah. Bayan mun ci kifi na fito da haramin, na zayyana masa dabarar. Ya daɗe yana shafa farin yadin.

"Ƙanena, in sun tambaye ni a shingen fa?"

"Ka ce e, halas, shi ke nan mu wuce. Minti ɗaya ne, Yaya!"

"Mutanen nan shekara ashirin nake ce musu kada su yi ƙarya. Kuma Makka mai tsarki ce a wurinku. In shiga da ƙarya in gaida uwata?"

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Na ce tsohuwar tana bakin kabari, shi yana nan yana lissafin benci shida. Bai rama ba. Ya ce, "Ni aka bari, Habibu, amma ban riƙe ta ba. Ka ce mata zan zo Jidda da takardar gaskiya, in tsaya inda aka yarda in tsaya." Ya cire hularsa ta saƙa ya sa min a hannu. Kunya ta kama ni, na yi kuka a gaban masunta.

Komawa gida

Kwana huɗu na yi a hanya. Na shiga Shisha bayan la'asar. Umma ta kasa kunne ta ce, "Takun mutum ɗaya nake ji."

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta karɓi hular ta shinshina, ta zura hannu ciki tana auna faɗinta. "Kan ubansa ne," in ji ta. Can ta ce, "Daga nan zuwa shingen nan tafiyar nawa ce?"

"Rabin awa, Umma."

"To in ya zo, ka fitar da ni. Rantsuwar zan yi kaffararta."

Muka shiga neman bizar ziyara. Kwana goma sha tara da dawowata Umma ta rasu, da hantsi, hular na ƙarƙashin matashinta. Ta samu abin da ta roƙa, a cikin Harami aka binne ta. Bizar ta fito bayan sati biyu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa ɗan kawuna da Saratu da masuntan da suka ciyar da ni. Yaya ya ce duk da haka zai zo. Zan ɗauko shi daga filin jirgi, mu tsaya a gefen titi kafin allon, in nuna masa da yatsa wajen da take kwance.