Na Ce Masa Yanbu, Na Kai Shi Gonar Dabino

Ni direban ziyara ne a Madina. Alhazai da masu Umara nake ɗauka a ƙaramar bas ta kafilina, wato Balaraben da takarduna ke hannunsa, in kai su Ƙuba, in kai su Ƙiblataini, in kai su Uhudu. Kowane wuri minti ashirin, wanda ya makara ya sha hon. Duk inda suka ce in kai su ban ga dama ba, sai in ce an rufe. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na tarar ana yi. Kuma kowace ziyara, ko ta ina ta fara, a gonar dabino take ƙarewa. A shimfiɗa musu darduma, a ba su shayi da na'ana, su ɗanɗana dabinon ajwa har su ji kunya su saya, ni kuma mai gona ya ajiye min kwali ɗaya bayan kujera. Sana'ar ke nan, babu wani sirri bayan wannan.

Amma ba tuƙi ne ya fara kawo ni garin nan ba. Karatu ne. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka ba ni gurbi, aka sa ni ajin koyon Larabci, aka ba ni gado da abinci. Lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu. Ni kuwa da na ji iskar waje, sai ƙafa ta ƙi zama. Badar na je, Haibar na je, Yanbu kuwa, garin bakin teku, masu gasa kifi har sun san yadda nake son yajina. Aka ba ni takardar gargaɗi, na ninke na sa a aljihu. Aka ƙara ba ni. A karo na uku fasfo ɗina aka miƙo min da tikiti. Na koma gida na yi shekaru ina kewaye majalisa ta bayan layi, daga baya na dawo da bizar direba. A gida abin da ake faɗa shi ne wai iskar Madina ce ba ta karɓe ni ba, na yi ta ciwo. Mahaifiyarmu ce ta tsara wannan labarin, Allah ya jiƙanta, kuma ban taɓa gyara mata ba.

To, shekarar da ɗan yayata ya samu gurbi a jami'ar nan, sai ta kira ni.

"Amana ce na ba ka," ta ce. "Ka sa masa ido. Kada ya zama kamar..."



"Kamar wa, Yaya?"

"Kamar yaran zamani," ta ce.

Ni da ita duk mun san wane yaron zamani take nufi.

Ya iso, dogo, siriri, da tabarau, da ladabi kamar an aiko shi neman aure. Na ce alhamdulillahi, wannan ko an kore shi daga ɗakin karatu ta taga zai dawo. Mako biyu kawai ya yi, ranar Alhamis da yamma sai ga kira.

"Kawu, gobe da jibi ba mu da aji. Na rubuta wuraren da nake son gani."

"Guda nawa?"

"Ba yawa. Arba'in da ɗaya."

Ni a zamanina ko rubutawa ban yi ba, amma ga inda na ƙare.

Da farko na gwada masa abin da nake yi wa alhazai. Ya ce tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Turkawa, na ce an rufe. Ya duba waya ya ce, "Kawu, nan an rubuta a buɗe take har isha'i." Ya ce dutsen kaza, na ce ana gyaran hanya. Wata mata a cikin wayarsa ta ce in bi dama, na bi dama don in ƙaryata ta, sai ga kwalta sumul har gindin dutsen. Shekara goma sha ina faɗa wa tsofaffin Kano da na Maraɗi an rufe suna cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri, yau ga mace a cikin waya tana tona min asiri.

Sai na sauya dabara. Na ce tunda yawo yake so, zan kai shi inda zai tsani yawo. Na kai shi tashlih, inda ake jibge matattun motoci ana sayar da kayan jikinsu, na ce masa ga tarihi. Ya tsaya gaban wata bas da ta ƙone ya ce, "Subhanallahi, Kawu, ka ga ƙarshen duniya!" ya ɗauki hoto. Na kai shi kasuwar tumaki da tsakar rana, warin da ke korar ƙuda, ya samu wani Basudane suka yi awa guda suna gardama kan ragon Sudan da balami. Na kai shi kwarin Aƙiƙ lokacin ko ɗigon ruwa babu, na ce ga kogi. Ya sauka ya zauna kan yashi, ya ce ya karanta wurin nan a littafi tun yana sakandare. Yaron ba ya gundura. Da na kai shi wurin wankin mota, da ya gano wani abu.

Zan faɗi gaskiya tunda ni nake rubutawa. Na fara jiran Juma'a. Duk shekarun da nake kai mutane Uhudu, a wurin ajiye motoci nake zama in kishingiɗa a kujera. Shi ya ja hannuna na hau tudun maharba, ina haki kamar tsohon injin ban ruwa, na ga garin daga sama. A kwarin nan da ake ce wa na aljanu, inda mota ke tafiya da kanta in ka kashe ta, na yi masa jawabina na alhazai, da rage murya da komai. Ya zuba ruwa a kwalta, ya ce, "Kawu, gangara ce, ido ne ke ruɗuwa." Na ce in ya sake faɗin haka gaban fasinjojina zan bar shi nan aljanun su tura shi gida. Muka yi dariya, muka ci gurasar tamis da waken ful a bakin hanya. Yayata ta kira, na ce mata yana nan yana karatu kamar zai cinye littafin.

Takardar a ƙarƙashin kujerar gaba na tsince ta, ranar da nake share ɓawon gyaɗar alhazai. Larabcina na karatu ya tsufa, sai na bi da yatsa. Amma kalmar da ke sama ba sai na bi da yatsa ba, na san ta kamar sunana. Gargaɗi. Ya faɗi nahawu a tsakiyar zango, in ya sake faɗuwa a ƙarshe gurbinsa na cikin haɗari. Har kalar takardar ba su canza ba, shekara ashirin da wani abu.

Ban ce masa komai ba. Ranar Laraba ya kira da kansa.

"Kawu, Yanbu fa? Wannan makon."

"Yaushe ne jarrabawarku?"

"Lahadi. Shi ya sa. In na sha iskar teku kaina zai buɗe."

Na riƙe wayar na dube ta. Na ce, "Haka ne. Teku na buɗe kai. Ɗauko littattafanka, ka yi bita a bakin ruwa."

Ranar Juma'a da sassafe na ɗauke shi a ƙofar jami'a. Ya sa wata hula mai faɗin baki, da tawul a kafaɗa, da takalmin roba. Yanbu yamma take, ni kuwa na miƙe kudu, wajen Ƙuba.

"Kawu, waya ta ce mun bar hanya."

"An rufe waccan."

"Kawu."

"Na ce an rufe. Kawo in gani."

Ya miƙo, na zura ta a aljihun jallabiyata na ja zip.

Gonar tana bayan kwarin Ranuna, ita ce inda nake ƙarasawa da alhazaina. Mai gadinta wani dattijo ne ɗan Tawa ta Nijar, ya fi ni daɗewa a ƙasar, na riga na gaya masa komai. Muna shiga ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Na tsaya gefen kwamin ban ruwa, wani tafki na siminti da bai fi ɗakina ba, da gansakuka da kwaɗi biyu.

"Sauko," na ce. "Ga tekunka."

Ya dubi ruwan, ya dube ni. Na zaro takardar na ɗora kan gaban mota.

Ban taɓa ganin mai ladabi ya yi fushi irin na ranar ba. Bai ɗaga murya ba, sai tabarau da yake ta cirewa yana mayarwa. Ya ce wannan sata ce. Na ce eh. Ya ce shi ba yaro ba ne. Na ce takarda ba ta faɗi shekarunsa ba. Ya ce zai kira uwarsa, na ce bismilla, ga wayata, ni zan karanta mata takardar ko kai?

"Kai fa ciwo ne ya hana ka," ya ce. "Ba ka san yadda karatun nan yake ba."

"Wane ciwo? Ƙalau nake kamar doki. Ranar jarrabawar nahawu ina Yanbu da kifi a hannu, na ce mota ta farko zan biyo da asuba. Motar farko ba ta tashi ba sai hantsi."

Dattijon nan ya yi kamar yana gyara tiyo.

"Ni ba kai ba ne, Kawu."

Ta shige ni, ba zan ɓoye ba.

"Ni ma lokacin ba ni ba ne," na ce. "Buɗe littafi."

Kwana biyu muka yi. Sallar Juma'a muka kai shi Ƙuba a tsakiyarmu, ni a dama dattijo a hagu, kamar za a kai shi kotu. Sauran lokacin yana ƙarƙashin dabino, ni na riƙe littafin ina tambaya, ina bin layi da yatsa, yana gyara min karatu kafin ya ba ni amsa. Da gangan yake yi, na sani. Dattijon bai san nahawu daga nahiyar Sin ba, amma ya naɗa kansa alƙali. Da ya ji yaron ya yi "e... e..." sai ya buga cokali a gwangwani ya ce, "Sake, ɗan malam, wannan ba ta nuna ba." Abin haushi, sau da yawa yana da gaskiya.

Ranar Asabar wani direba ya kawo alhazai. Tsofaffin mata suka ga saurayi da tabarau da tulin littattafai a gindin dabino, suka kewaye shi, wai ga shehin Madina, ya sa musu albarka. Wata ta ce ya yi wa jikanta addu'a ya ci jarrabawa. Ya ɗaga hannu ya yi, fuskarsa kamar an ba shi maɗaci. Na ce amin da ƙarfi har direban ya juyo. Kafilina kuwa ya kira ya fi sau goma yana tambayar inda bas ɗinsa ta shiga, na ce masa tana da zazzaɓi.

Safiyar Lahadi na sauke shi a ƙofar jami'a, na ba shi wayarsa. Ya karɓa, ya sauka, ya rufe ƙofa a hankali. Da ya buga ta ma da ya fi min sauƙi. Ya bar hularsa mai faɗin baki a kujera, ban kira shi ba.

Sakamakon ba daga bakinsa na ji ba. Yayata ce ta kira tana guɗa. Ya ci. Ba da yawa ba, can ƙasa, makin da in an cire ɗaya sai a koma gida, amma ya ci. Ta gode wa Allah, ta gode wa malamin unguwarsu da ya yi masa saukar Alƙur'ani, ta gode wa wata maƙwabciya da ta yi mafarki.

"Kai kuma," ta ce, "na ji labarin yawon da kake ja shi. Ka rage. Yaron nan karatu ya je yi."

Na ce to, Yaya.

Yanbu ya je da hutu, a motar haya, shi da abokansa. A wayar wani na ga hotunan, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana dariya. Yanzu yana shekara ta uku. Yana kirana da Sallah ya gaishe ni da ladabinsa duka, ya tambayi aiki, ya tambayi lafiyata. Bai sake shiga motata ba, ni ma ban roƙe shi ba. Wata shida da suka wuce na bi ta ƙofar jami'ar da alhazai, na hango shi yana shiga da littattafai a hammata. Wani tsoho a bayana ya ce, "Direba, nan ina ne?" Na ce makaranta ce, ɗana yana ciki.